Wa Ya Ce a Sari Jinga?

Ranar sunan jikata ta wajen 'yar'uwarku Hadiza ina zaune a zaure ana rabon goro, sai na ji ɗaya daga cikin 'ya'yan Yaya Arzika, magidanci da gemunsa, yana gaya wa wani baƙo ƙasa-ƙasa cewa ga baffan nasu da ya sa aka nutsar da gonar ubansu. Ba da mugunta ya faɗa ba. Yadda mutum zai nuna wa baƙo gidan liman ko rijiyar unguwa, haka ya faɗe ta. Ya ɗauka ban ji ba. Tsufa ya ci mini ido ya bar mini kunne, da kuma shawara aka yi da ni da na ce a yi musanya. Na san ku ma kun sha jin wannan magana tun kuna ƙanana, kun kuma ji ana kirana Malam Idan a Tungar Gawo, kuna dariya ba ku san mafarin sunan ba. To ga labarin shekarar. Abin da na sani zan ce na sani, wanda ban sani ba in ce ban sani ba, za ku kuma ga na biyun ya fi yawa.

A lokacin Sakkwato ce babban birninmu, Birnin Kebbi kuwa gari ne da in mota ta wuce sai an leƙo a ga ta wane ne. A nan Birnin Kebbi nake aikin malamin gona, muna haya ni da mahaifiyarku Hajo. Amma cibiyata tana Tungar Gawo, ƙauye ne a bakin gulbi tsakanin Gulma da Argungu. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya Arzika ya ɗauki gidan. Shi ya shiga laka, ni na shiga aji. Duk rigar makarantar da na sa da duk garin da aka ƙulle mini a tsumma in tafi da shi, daga gona ɗaya suka fito, wadda ake kira Bakin Kwari. Ta gado ce, baƙar laka, tana kwance daidai bakin wani tsohon hannun gulbi da ya daɗe da mutuwa, shi ya sa ko shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ita ba ta rasa danshi. Yaya ba mai yawan magana ba ne, amma in ana hirar shinkafa aka zo kan Bakin Kwari za ka ga ya gyara zama.

Gulbin da ke ciyar da mu shi ne kuma ke cinye mu. Bayan 'yan shekaru sai ya tumbatsa, ya kwashe shinkafa ya shigo gari ya zubar da ɗakuna. Don haka da labari ya zo cewa hukuma za ta yi mana jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa tun daga saman gonaki har ta wuce bayan gari, murna kamar ranar salla. Aka ce aikin ba zai tafi kara zube ba, sai an kafa kwamiti mai kula da shi. Aka turo Injiniya, wani saurayi ɗan Gusau, shi ke da motocin aiki da awo, shi kuma ke amsa tambayar Sakkwato. Aka turo Wakilin kantoma daga Argungu, shi ne idon ƙaramar hukuma. Na uku Mai gari, shi ke da mutane da ƙasa. Ni kuma, da yake ɗan gari ne mai boko, aka ce ni ne sakatare. Na sayi sabon biro na soke shi a aljihun gaba inda kowa zai gani.

Matsalar ta fara ne daga kujera, ko da yake a lokacin ban san matsala ba ce. Mun ɗauko wata kujera mai hannu daga ofis a bayan Landiroba, ta shugaban kwamiti. Aka ajiye ta ƙarƙashin gawon ƙofar Mai gari. Sakkwato ta ce Injiniya ne shugaba. Shi kuwa yaro ne mai tarbiyya, ya dubi furfurar Mai gari ya cire takalmi ya nemi gefen tabarma.

"Ranka ya daɗe, ni ba zan hau kujera kana ƙasa ba. Ka haife ni."

"A'a ɗana," in ji Mai gari. "Ni talakan hukuma na. Ga Wakili nan, shi ad da hukuma. Shi hau."

Wakili ya ɗaga hannu biyu kamar an miƙo masa garwashi.

"Ni ɗan aike na, Allah shi ba ka nasara. Ɗan aike ba shi zama bisa kujerar mai gida."

Aka yi ta kai ne, a'a kai ne, har shayi ya huce. Ƙarshe duka ukun suka zauna a tabarma, wani ya rasa inda zai ajiye farantin goro ya ɗora shi kan kujerar. Haka aka yi a taro na biyu, haka a na uku, har ya zama al'ada. Wallahi a lokacin abin ya burge ni. Na koma gida ina gaya wa Hajo cewa ban taɓa ganin kwamiti mai mutunci irin namu ba. Ta tambaye ni to wa ke yanke magana, na ce ai kowa da kowa, ta ce to Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kafin a fara aikin an tura ni wani ɗan gajeren kwas a Zariya. Abu ɗaya ya zauna mini a kai daga can. Malamin ya ce kafin ka sari ƙasa, ka tara masu aikin ku zauna ku faɗi duk abin da zai iya lalacewa, ɗaya bayan ɗaya, kowane haɗari kuma a ɗora shi a wuyan mutum guda mai suna, wanda in ranar ta zo shi zai ce a yi kaza. Na ga wannan ai rigakafi ne, wanda kowa ya san ya fi magani. Na dawo da zafina. A taron da aka tara masu gonaki duka, Yaya Arzika yana daga baya ya jingina da katanga, na miƙe na gyara riga na fara. Na ce idan motar tura ƙasa ta lalace fa? Aka ce a gyara. Na ce idan damina ta riga mu fa? Aka ce Allah ya sawwaƙe. Na ce idan ɓeraye da gafiyoyi suka huda jingar fa? Aka yi 'yar dariya. Sai na ce, idan ruwa ya fi ƙarfin jingar, ta nemi karyewa daidai bayan gari fa?

Wani tsoho ya tofar da yawu gefe ya ce a'uzu billahi. Liman ya sunkuyar da kai. Mai gari ya dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tusa a masallaci.

"Malam Garba, ba a gina abu ana kiran mutuwatai. Baki shi ka yanka wuya."

Da ina da wayo da na zauna. Amma kun san ni, in na ɗauko magana sai na kai ta. Na juya ga Injiniya na ce ya faɗa mana gaskiya, in hakan ta faru me ake yi. Sai ya ce da Turanci, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, akwai dabara ɗaya. A sare jingar daga sama, a inda tsohon hannun gulbi yake, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa ya zagaye gari ya faɗa tabki, nauyi ya ragu a bayan gari. Gonakin da ke bakin wurin su za su tafi. Ni kuma aikina ne in mayar da abin da ya faɗa cikin Hausa, sai na mayar da shi, da ƙarfi, kowa na ji. Sai da na kai ƙarshen maganar na ji abin da bakina ya faɗa. Bakin Kwari ke nan. Kowa ya waiwaya ya dubi Yaya. Shi kuwa bai dubi kowa ba, yana ta kankare laka daga dunduniyarsa da ɗan tsinke.

Duk da haka na ƙarasa tambayata, don ita ce ainihin abin da aka koya mini. Na ce to idan ranar ta zo, wa zai ce a sara? Injiniya ya ce kwamiti. Wakili ya ce ƙwarai, kwamiti. Mai gari ya ce Allah ba zai kawo ranar ba, a shafa fatiha. Aka shafa. Kafin in kai bakin kasuwa na ji mata a rijiya suna cewa ga Malam Idan nan tafe.

A gida mahaifiyarmu Inna tana jirana. Ku da kuka san ta a tsufa kun san ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ban taɓa jin ta tsaya masa ba sai ran nan.

"Garba, mi yayanka yay yi maka?"

Na ce ba abin da ya yi mini, Inna, aiki ne.

"Aiki na ka tashi cikin taro ka kira ma gonar ubanka ruwa? Ita tac ciyar da kai har kas san wanga aiki. Duk gonakin da ag garin ga, ba ka ga wadda za ka kama ma suna ba sai ita?"

Na yi ta bayani, cewa ba ni na zaɓe ta ba, ƙasa ce ta kwanta haka, kuma faɗin abu ba shi ke kawo shi ba. Ta ce in haka ne me ya sa ake cewa a yi fata nagari. Har yau in an ce in raba tsakanin tanadi da mugun fata a gaban tsohuwa irin Inna, ban san ta inda zan fara ba. Da yamma aka kawo tuwo, ni da Yaya muka sa hannu a akushi ɗaya kamar kullum. Na jira ya yi mini faɗa, da ya yi da na ji sanyi. Bai yi ba, sai da muka gama ya tura mini ragowar kifin gabana yadda yake yi tun ina yaro.

Duk ranin nan ana tura ƙasa, ni kuma ina kan babur tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da Tunga, ina neman amsar tambaya ɗaya. Na sami Injiniya a ofis, ya ce shi nasa awo ne, zai iya cewa ruwa ya kai kaza, amma ba shi da ikon ba da gonar talaka, wannan na masu ƙasa ne. Na je wa Mai gari, ya ce jinga ta hukuma ce, in ya sa a sare ta gobe a ɗaure shi wa zai yi belinsa. Na je wa Wakili a Argungu, ya ce zai kai maganar gaba, na koma ya ce an kai, na sake komawa ya ce an ce ai akwai kwamiti. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu maƙaryaci a cikinsu, babu kuma mugu. Kowanne in ka saurare shi sai ka ga yana da gaskiya, sai ka fito ka hau babur ka ga ba ka riƙe da komai. Abu ɗaya na samo a yawon, shi ne ƙa'idar da ta ce duk gonar da kwamiti ya ba da umarni aka sadaukar, za a ba mai ita diyya ko a musanya masa da wata. Na kawo wa Yaya wannan da murnata, har na ƙara da shawarar ko bana ya rage abin da zai zuba a Bakin Kwari.

"In bar gona don idan ɗinka?" ya ce. "In ruwa bai zo ba, idan za mu ci?"

Ya shuka ta kaf, har gefen da ya saba bari wa ciyawa. Kuma shinkafar ta yi kyau a shekarar nan, kyan da har masu wucewa a jirgi suke tsayawa su duba. Ni kuwa duk lokacin da na ga ta ƙara kore sai gabana ya faɗi, in kuma na kama kaina ina fargaba sai in ji kamar fatan nan da Inna ta faɗa nake yi. In na yi addu'ar kada ruwa ya zo sai wata zuciya ta ce to ka zama Malam Idan na banza. Na rasa ma abin da zan roƙa.

Malka ta sauka, ta ƙi ɗaukewa. Gulbi ya yi ta hawa yana jawo kainuwa da rassan itatuwa. Wata safiya aka aiko Birnin Kebbi cewa ruwa ya kusa leɓen jinga. Muka taho da Injiniya a Landiroba, muka bar ta a tudu muka ƙarasa a ƙafa, muka tarar Wakili ya riga mu. Da hantsi duk muna tsaye bisa jingar. Ta bayan gari ƙasa ta jiƙe sharkaf, ruwa yana tsattsafowa ta gindinta, samari suna ta jibga buhunan yashi ana yi kamar ba a yi. Mata sun fara fita da tukwane da tabarmi a ka, ana jan awaki zuwa tudun makabarta. Na hango Inna an zaunar da ita kan turmi a ƙofar gida ta ƙi tashi. Injiniya ya zagaya ya duba, ya dawo fuskarsa ta canza, ya ce ba za ta kai la'asar ba.

Muka ɗunguma zuwa sama, daidai Bakin Kwari, mutanen gari na biye da mu da galma da shebur. Kowa ya san abin da ya kawo mu, babu wanda ya faɗa. A dama gulbi ne ja wur yana tafasa, a hagu shinkafar Yaya ce ta fara fitar da kai, iska na kaɗa ta. Yaya yana nan tsaye a gindin jinga cikin gonarsa, galma a kafaɗa, da ma tun asuba yake can yana toshe ramukan ɓera.

"Ranka ya daɗe, awo ya nuna sai an sara," in ji Injiniya. "Umarninka muke jira."

"Ni da umurni bisa kayan hukuma? Ga Wakili."

"Ni ba a aiko ni da wagga ba," in ji Wakili, yana share gumi ga ruwa na zuba. "Abin da kwamiti yag gani shi na."

Aka tura mutum da gudu ya je Landiroba a kira Sakkwato ta rediyon oba-oba. Ya dawo yana haki, ya ce an samu, an ce kwamiti yana wurin, ya yi abin da ya dace. Sai aka koma kallon kallo. Manya uku, masu hankali, masu tsoron Allah, kowanne yana girmama ɗan'uwansa, gari kuma yana shirin tafiya. Daga can ƙasa muka ji an kwarma ihu, wani ɓangare ya zabtare an tare shi da ƙyauren ɗaki. Sai Mai gari ya juyo gare ni. Da ya juyo, Wakili ya juyo, Injiniya ma haka, sannan duk jama'a.

"Malam Garba, kai kaf fara ganin wagga rana tun ba ta zo ba. Mi kag gani?"

Ina so ku fahimci inda aka tsayar da ni. Sakatare ba shi da ikon ko sauya wurin tabarma. Amma a wannan lokacin duk abin da ya fito bakina shi za a yi, kowa kuma zai ce Malam ne ya ce. In na ce a sara, na sa an kashe gonar da ta raine ni, a gaban mai ita, ni ƙanensa. In na ce a dakata, ga Inna can kan turmi. Na dubi gari, na dubi shinkafa, na dubi Yaya, shi ma ni yake kallo. Kunnuwana suka toshe, na daina jin ƙarar gulbin. Na san na buɗe baki, don na ji ruwan sama ya shiga. Kafin wani sauti ya fito, Yaya ya hawo jingar da gudu, ya ture ni gefe da kafaɗa har na kusa zamewa, ya ce bisimillahi, ya kafta galma a ƙasa.

Sara uku ko huɗu ya yi shi kaɗai, kowa ya daskare. Sannan ya ɗago ya daka wa samari tsawa.

"Kallo kunka zo yi?"

Aka rufar wa wurin. Ba a daɗe ba ruwa ya karɓi aikin da kansa, ya yage jingar ya faɗa gonar da wata irin ƙara. Na ga shinkafar ta kwanta gaba ɗaya, ta ɗago sau ɗaya, daga nan ban sake ganinta ba. Kafin azahar ruwan bayan gari ya fara ja da baya. Ɗaki ko ɗaya bai faɗi ba a Tungar Gawo. Mutane suna ta hamdala suna rungumar Mai gari da Injiniya. Yaya ya wanke galmarsa a bakin ruwa ya saɓa ya nufi gida, bai waiwayo ba, ni kuma ban bi shi ba.

Da ruwa ya janye, Bakin Kwari ta zama fako. Gulbi ya kwashe baƙar lakar ya shimfiɗa farin yashi har gwiwa. Na ce ba komai, akwai ƙa'idar diyya. Aka kira taro a gindin gawo, goro na kan kujerarsa, aka zo da tambayar da wani ofishi a Sakkwato ya aiko, wai wa ya ba da umarnin sara. Injiniya ya ce shi awo ya faɗa. Wakili ya ce shi bai ce ba. Mai gari ya ce Allah shaida bai ce ba. Kuma duk gaskiya suka faɗa. Na miƙe na ce to a ce ni ne. Aka ce sakatare ba ya ba da umarni, kuma jama'a sun shaida ban ce komai ba. Amsar da ta dawo ita ce, mutumin da ya sari jingar hukuma da hannunsa, a bakin gonarsa, ba wanda ya sa shi, ba shi da abin nema, ya ma gode Allah da ba a tuhume shi ba. Na yi ta zarya har takalmina ya cinye, ban samo masa ko taku ɗaya na ƙasa ba.

Ga abin da ya fi rikita ni. A wurin hukuma ban ce komai ba, shi ya sa Yaya ya rasa diyya. A wurin mutanen gari kuwa ni na ce, tun ranar da na kira sunan gonar a taro, shi ya sa ruwa ya zo. Na yi laifin shiru, na yi laifin magana, a kan abu ɗaya. Na kan zauna in lissafa, da na ce a sara da Yaya ya sami wata gonar, 'ya'yansa sun tashi a kanta. Sai kuma in ce, da wani ya hau kujerar nan tun farko da tambayar ba ta iso kaina ba. Tun daga shekarar duk aikin da aka ba ni, har na yi ritaya, ba na yarda a sari ƙasa sai na ga mutum ya zauna a kujera da jikinsa ya ce ni ne. An ce ina da taurin kai, na ce na ji.

Yaya ya koma su, wato kamun kifi. Da kaka ta yi ya ɗauki komarsa ya tafi Yawuri, daga ci-rani ya zama shekaru. In ya zo gida muna gaisawa, gaisuwa mai tsawo, ina gajiya ina iyali ina ruwa, amma babu komai a cikinta. Bai taɓa zargina ba, ban taɓa ba shi haƙuri ba, don ban san na me zan ba shi ba. Na aika masa da abin da na iya, ya karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo, wannan godiyar kuwa ta fi zagi ciwo. Inna ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba.

Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, bayan an ba mu jiharmu, na je na ɗauko shi na kawo shi gidan nan don ya fi kusa da asibiti. Manyanku za su tuna shi a ɗakin zaure, yana gyaran koma da ba wanda zai yi su da ita. Wata rana da azahar Hajo ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi a kwano ɗaya. Muna ci, na ga in ban tambaya yau ba to sai a lahira. Na ce Yaya, ranar nan ta jinga, me ya sa ka sara? Na ce da ka jira an ce, ko ni ne na ce, da an ba ka wata gonar.

Ya daɗe yana cire ƙaya daga kifi.

"Na san da zancen diyya. Kai kag gaya min."

Na ce to don gari ka yi?

"Gari na da manya uku tsaye. Ni bakinka nig gani yana motsi." Ya ajiye ƙayar a gefen kwano. "In kac ce a sara, gona ta tahi da bakin ƙanena, ni da kai mun gama cin tuwo wuri guda har abada. In kac ce a bari, Inna na cikin gari. Duk wadda kah hwaɗi, na rasa ka. Gona ko ana samun wata."

Na ce ai ba ka samu ba.

"Ban samu ba," ya ce. "Na kuma yi hushi, ba ni ɓoye maka. Shekara da shekaru in na gane ka sai in ga yashi."

Hawaye ya zubo mini, tsofai-tsofai da ni, ban kuma share ba. Can ya ɗago ya dube ni, da ɗan murmushin nan nasa na gefen baki.

"To Malam Idan, yanzu da ba kowa. Ran nan, mi za ka ce?"

Na buɗe baki kamar yadda na buɗe shi bisa jinga. Na nemi amsar a cikina, na neme ta da gaske, don ya cancanci a gaya masa. Na ce wallahi Yaya ban sani ba.

"Ni ma ban so in sani ba," ya ce. "Shi yas sa nir riga ka."

Ya tura mini ragowar kifin gabana, ya ce in ci kada ya huce.